Baba Lawali, Wanda Ya Ɗora Ni A Bayan Isufu

Ina kwance kan tabarma a ɗakina na unguwar Gataa El Oued a garin Tamanrasset maƙwabcina ya leƙo ya ce Baba Lawali ya cika. Na yi salati. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ko Isufu zai zo ya ɗauke ni zuwa jana'iza, domin ni ba ni da ƙafafu, sai nasa.

Baba Lawali mutumin Damagaram ne, mai shagon shayi da sukari. Ba alƙali ba ne, ba wanda ya naɗa shi, amma duk rigimar Hausawan unguwar nan a kan bencin shagonsa take ƙarewa. Yakan ce, "Ni ba laifi nake dubawa ba, mutanen da za su ci gaba da haɗuwa a bakin famfo nake dubawa." Mata biyu da suka yi dambe ya sa su girka abincin suna a tukunya ɗaya. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa ƙazafi ya sa shi zuwa gaishe shi kowace safiya, a gaban mutane, har bakin unguwa ya mutu. Wanda kuwa ya ƙi hukuncinsa, ba a dukansa, ba a zaginsa. Sallamarsa kawai ake daina amsawa. Na ga wani ƙato daga Maradi yana kuka a tsakar kasuwa saboda ba mai miƙa masa hannu, Baba yana kallonsa yana auna sukari.

Nawa hukuncin ya zo ne bayan na faɗo daga bene a wani gini a unguwar Sersouf. Ni da Isufu leburori ne. Ya kwance igiyar da ta riƙe katakon da nake takawa don ya ja bulo da ita, bai gaya mini ba. Na farka a asibiti, daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai. Da Baba ya zo duba ni na ce masa jandarma nake so, a ɗaure Isufu.

"Haruna," ya ce, "in an ɗaure shi, wa za ya kai ka bayan gida?"

"Baba, shi ya kashe mini ƙafafu."

"Shi ya sa. Ƙafafunka na wurinshi. Ya ba ka nashi."

Ya ƙara da cewa idan jandarma suka shigo ba Isufu kaɗai za su ɗauka ba, duk marasa takardun layinmu za a loda a mayar iyaka, har da ni a kwance. Gaskiya ya faɗa, kuma na tsani gaskiyar nan.

Haka aka yi. Isufu ya dawo ɗakina da zama. Shi ke yi mini wanka, shi ke zubar da abin da na yi, shi ke goya ni zuwa masallaci ranar Juma'a, namiji da gemunsa a bayan namiji. Mutane suna cewa, "Kai, Baba ya iya sulhu." Ba wanda ya tambaye ni yadda ake kwana ana jin numfashin wanda ya nakasa ka. Ba wanda ya tambayi Isufu ma. Ya zo Tamanrasset ne a kan hanyarsa ta zuwa arewa, yana da mata da 'ya a gida, sai ga shi ya tsufa yana wanke ni. Na sha cizon kafaɗarsa don haushi. Ya sha ajiye ni da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Duk lokacin da ɗayanmu ya kai ƙara, Baba sai ya zuba mana shayi a kofi ɗaya ya ce, "Ban ce ku so juna ba. Cewa na yi kada ku rabu."

Ba zan ɓoye alherinsa ba. Shinkafar da muka ci duk shekarun nan daga gidansa take fitowa, matarsa Inna Rabi ke aikowa. Ranar da Isufu ya kwanta zazzaɓi, Baba da kansa ya tattare rigarsa ya ɗauki fo ɗina ya fita da shi, tsoho mai furfura. Na yi kuka ranar. Ina ƙaunarsa, kuma ban taɓa yafe masa gaba ɗaya ba.

Ranar jana'izar Baba, Isufu ya zo. Ya goya ni har maƙabarta, ya durƙusa don in kai hannu in zuba ƙasa. Da muka dawo muka iso ƙofa, sai ya kira sunana.

"Haruna, wanda ya ɗaure mu ya tafi."

"Na sani."

Ya kwantar da ni a hankali, ya cika mini buta, ya jawo tabarmar cikin inuwa. Washegari wani direba ya ce ya gan shi a garin In Amguel a saman babbar mota, ya fuskanci arewa. Mutanen unguwa sun yi ta zuwa suna tsine masa. Kowa ya tsine, ya shafa kaina, ya tashi ya tafi aikinsa. Ashe duk adalcin unguwar nan a bakin tsoho ɗaya yake.

Allah ya jiƙan Baba Lawali, ya haskaka kabarinsa, ya yi masa hisabi mai sauƙi fiye da wanda ya yi mana. Allah ya ba Inna Rabi da 'ya'yanta haƙuri, ya rufa musu asiri a ƙasar mutane. Isufu ma, Allah ya kai shi lafiya, ai ya biya abin da ɗan Adam zai iya biya.

Ku da za ku je addu'ar bakwai, don Allah wani ya biyo ta ƙofata. Ba ni da nauyi kamar da.