Butar da Na Bari a Gindin Darbejiya

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na ajiye buta a gindin darbejiyar gidanmu ba.

Shekarar ce man dizal ya gagari talaka. Injin niƙanmu, wanda da shi gidan ke ci, ya yi wata biyu a kwance, mata suka koma turmi. Ni kuwa a lokacin ji nake duk ƙauyenmu na wajen Makoɗa ba mai kaina, don na ɗan leƙa makarantar koyon sana'a. A can na ga yadda ake mayar da tsohon man suya ya zama na inji. Na bi masu ƙosai da masu awara na tara baƙin man da suka gama da shi, na tace, na samo sodar sabulu da sifirit daga birni.

Sai an narka sodar a sifirit, sannan a riƙa tsiyayawa cikin man a hankali. Na duba, ba abin da ya kai buta daɗin tsiyaya. Na haɗa a ciki, na dire ta, na shiga ɗauko muciya.

A gidanmu buta ba ta da mai ita, wanda ya gan ta cike alwalarsa zai yi. Baba kuma shi ne ladanin unguwa, ga la'asar ta kawo jiki. Hannun manomi ne, duk kanta, bai ji komai ba sai da ya kai baki.

Ihunsa ne ya fito da ni. Na tarar da shi durƙushe, Inna tana kwara masa ruwan randa tana salati.

"Me ka zuba a butar nan?" in ji ta. "Kai nake tambaya!"



Baba ya daɗe a asibiti, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Ya rayu, muryar ce ba ta dawo ba. Ranar da aka sallamo shi ya jawo kunnena kusa da bakinsa ya ce cikin raɗa, "Ƙaddara ce, ɗan nan. Injin ya tashi?"

Ya tashi kuwa, da man nan nawa, kuma na tsani ƙararsa. Har Baba ya rasu wani ne ke kiran salla, shi yana zaune a ƙofar masallaci, leɓɓansa kawai ke motsi.

Tun daga ranar na san abin da mutane ke ɗauka ba tare da tambaya ba, amana ce. Ni na ci ta, Baba ya biya da muryarsa.