Tantanin Ƙarƙashin Harshen Tanko

"Ɗaga harshenka in gani," na ce wa taubashina Tanko muna yankan ciyawa a Dayi. Ya ɗaga, na dafe ƙirji.

"Wai! Tantani ya ɗaure shi, jijiyoyin har sun yi baƙi. Kafin kaka ka zama bebe."

Kowa fa yana da su, amma Tanko ya yar da lauje, ya ja ni gidan Baba Wanzam a yanke masa.

Baba ya duba nasa, ya duba nawa, ya zaro aska.

"Na Tanko lafiya lau. Naka ne ya yi tsawo, yaro. Matso in rage."

Ko takalmina ban tsaya ɗauka ba.

Jama'a, tsakani da Allah, tsokanar taubashi ta kai a zaro wa mutum aska?