Golmon da ya biyo ta banki

Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, tsohon sajan, mazaunin Rikoto. Kullum na ji waya ta yi ƙara cewa kuɗi sun shigo, sai na tuna shi na yi dariya.

A wurinmu 'yan ƙabilar Lelna, mai neman aure sai ya yi golmo, wato ya yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. Ɗanladi ya fara nasa saboda ni, sai ga karatu ya fito masa a Jamus. Ya roƙi a bar shi ya riƙa aiko da kuɗin ƙwadago. Baba ya ce, "Banki yana riƙe garma ne? Wanda bai san gonata ba, bai san 'yata ba." Aurena ya tsaya cak. Na yi kuka har na gaji, domin Ɗanladi nake so.

Da damina ta matso, Baba ya sa tsohon takalminsa na soja ya ce in raka shi banki, wai zai ga abin da idonsa. Ma'aikaciyar ta ce kuɗin waje ba sa zuwa sai da lambar da bankunan duniya ke gane juna da ita: haruffan farko sunan banki, na biye ƙasa, sannan gari. Baba ya ce, "Ashe shi ma kuɗin sai ya faɗi gidansu da garinsu kafin a buɗe masa ƙofa. To, yana da tarbiyya." Ya yarda, amma da sharaɗi: kwabo ba zai shiga aljihunsa ba, tsaran Ɗanladi za a ba su yi noman da sunansa.

Yau jikokin Baba suna tura kuɗi suna kwance a kan gado. Na san da yana raye zai yi tsaki, ya kira su ragwaye, sannan ya faki ido ya ce a nuna masa yadda ake yi. Haka yake, taurin kai a baki, zuciya kuwa a buɗe.

Ranar da Ɗanladi ya dawo, gona ya wuce da kayan tafiyarsa, ya ɗauki garma ya kama noma. Baba ya karɓe garmar daga hannunsa ya ce, "Ka gama, ɗana." An ɗaura aure bayan girbi.

Ina kewar Baba ƙwarai. Gonar tana nan, dawa ta yi kyau bana. Mijina, da furfurarsa da ciwon bayansa, shi ke nome ta duk damina, kuma yanzu babu mai sa shi.