Yadda Mai Ƙwai Ya Koyi Faɗuwa

Shekara talatin da ɗaya Mai Ƙwai ya yi yana jigilar ƙwai daga gonakin kaji zuwa kantunan cikin gari, kuma a duk tsawon wannan lokaci sau uku kacal ya taɓa faɗuwa. Yana iya faɗa maka ranakun, da wuraren, da yawan kiret ɗin da ya fashe a kowace faɗuwa. Da keke ya fara, yana ɗaure kiret goma sha biyu a baya da igiyar roba. Daga baya ya sayi babur, daga bisani kuma ya mallaki wata 'yar mota mai buɗaɗɗen baya wadda ba ta taɓa sanin gudu ba a hannunsa. Sana'ar ta gyara masa tafiya: ba ya ɗaga ƙafa sai ya tabbatar da inda zai sauke ta, gwiwoyinsa a ɗan lanƙwashe, hannuwansa a gaba ko da babu komai a cikinsu. Matarsa takan ce ko barci yake yi, sai ka rantse an ba shi ajiyar wani abu.

Ɗaya halin nasa shi ne tambaya. Ya taɓa tsare mai gyaran famfo awa guda cur don ya ji yadda ruwa ke hawa bene ba tare da an ɗauke shi ba. 'Ya'yansa uku, waɗanda duk sun girma sun bar gida, sun san cewa da zarar Baba ya ce, "To, amma me ya sa?" abincin da ke gabansu sai ya huce.

Tambayar ce ta kai shi judo, wata irin kokawa ta ƙasar waje, yana da shekara hamsin da huɗu. Akwai wani kanti a ƙasan bene da yake kai wa kaya ranakun Talata da Alhamis da yamma. Duk lokacin da yake jera kiret a lungun kantin, sai ya ji wani abu mai nauyi ya daki rufin daga sama, gwangwanayen madara na kan kanta su yi rawa, a ɗan jima a sake.

"Me ake sarewa a sama?" ya tambayi mai kantin.

"Ba sara ba ne. Mutane ne ke fyaɗa juna da ƙasa."

"Rigima suke yi?"

"Ina fa! Da ƙafarsu suke zuwa a kayar da su. Har godiya suke yi."

Mai Ƙwai ya ajiye kiret ɗin da ke hannunsa, ya hau matakala.

Ɗaki ne dogo, tagogi a gefe guda, an shimfiɗe shi da shuɗɗan katifu masu tauri waɗanda aka lilliƙe ɓarakarsu da salatif. Takalma na jere a bakin ƙofa. A bango akwai allo da fanka wadda ba ta juyawa. Yana tsaye sai ya ga wani siririn mutum ya juya baya, ya ɗora wani ƙato a ƙugunsa, ya maka shi da katifa. Ƙaton ya miƙe yana dariya, ya gyara ɗamararsa. Wannan ne abin da ya ɗaure wa Mai Ƙwai kai: mutum ya faɗo daga wannan tsawo, da dukan nauyinsa, kuma babu abin da ya fashe. Ya nemi malamin wurin, wani gajere mai faɗin kafaɗa wanda ba ya son dogon zance, ya tambaye shi dalili.

"Ba a bayyana shi da baki, Baba," in ji Malam. "Cire takalminka."

Ranar da ya kawo farar rigar judo gida, matarsa ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta auna kaurinta.

"Maigida, wannan riga ce ko buhu?"

"Ta motsa jiki ce."

"Kai da ke faɗa wa yara su sauko daga kan kujera? Yanzu da furfurarka za ka je a riƙa jifa da kai?"

"So nake in ga yadda ake yi."

"To, ka kalla mana daga bakin ƙofa."

"Na kalla. Ba a gani daga nan."

Wata biyu na farko ba a bar shi ya taɓa kowa ba. Faɗuwa kawai aka koya masa, shi kaɗai a gefen katifa: a manna haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, a zube a kan gefen jiki, a mari katifa da dukan tsawon hannu. Abu ɗaya aka haramta masa, wato ya tokare ƙasa da tafin hannu, domin nauyin mutum idan ya sauka a kan wuyan hannu, karya shi yake yi.

Bayan an tashi, ɗalibai sukan zauna a kan wani dogon benci suna sa takalma, kuma a nan ake rabon shawara kyauta. Biyu daga cikinsu suka fi kula da shi. Akwai Akawu, siririn nan da ya fara gani, ma'aikacin ofis mai tabarau wanda ya karanta duk abin da aka rubuta a kan judo. Akwai kuma Mai Walda, ƙaton da aka kayar, wanda bai karanta ko ɗaya ba.

"Baba, ka raba faɗuwar gida huɗu," Akawu yakan ce. "Haɓa, numfashi, ƙugu, hannu. Ka riƙa lissafa su a zuciyarka."

"Kada ka saurare shi, Baba," in ji Mai Walda. "Kafin ka kai na biyu ka riga ka iso ƙasa. Ka daina tunani kawai."

"Shi ai bai taɓa farawa ba, shi ya sa yake ganin da sauƙi," in ji Akawu.

Mai Ƙwai yakan rubuta duka biyun a bayan kwalin kiret, ya tafi da su gida ya yi ta juya su. A wata na uku aka fara haɗa shi da abokan gwaji, suna kayar da shi yana kayar da su. Abin ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zata, har ya fara tunanin ko mutane ne ke zuzuta wahalar.

A wata na biyar Malam ya sanar da cewa ranar Asabar ta ƙarshen wata za a yi jarrabawar sauya ɗamara, wadda duk sabon ɗalibin da ya ci zai ajiye farar ɗamararsa ya ɗaura rawaya. Wani babban malami zai zo daga wata makaranta tare da ɗalibansa, kuma su ne za su yi gwaji da 'yan wannan aji. Ya rubuta sunaye bakwai a allo. Mai Ƙwai ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama. Babu shi.

"Ban gamsu da faɗuwarka ba," in ji Malam. "Idan kai kaɗai kake yi, daidai take. Idan an kayar da kai, akwai abin da ban gane ba. Baƙin nan ba su san ka ba, Baba. In ka tokare da hannu, gyaran ƙashi za mu nema. Alhamis ta sama zan rufe jerin. In na gamsu kafin nan, zan sa ka."

Bai ji haushi sosai ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Ya so ɗamarar nan rawaya fiye da yadda zai iya faɗa wa matarsa, kuma ya fi son ya san abin da Malam bai gane ba.

Matar ce ta fara ba shi bakin zaren, ba tare da ta sani ba. Tana zaune a tsakar gida da allura, rigar a cinyarta, ta ce, "Karo na uku ke nan ina ɗinke hammatar nan. Kullum wuri ɗaya. Rataye ka suke yi a jikin ƙusa?"

Ya karɓi rigar, ya haɗa hannuwanta biyu. Na dama ya fi na hagu tsawo da kusan yatsu biyu.

Ranar Talata, kafin ya hau sama, ya roƙi mai kantin wata alfarma. Ya ce da ƙarfe biyar daidai ake ware mutum takwas su yi layi, a kayar da kowa bi da bi, kuma shi ne na biyar. Ya ce ya saurara ya ƙirga. Da ya sauko, mai kantin ya ɗaga yatsu.

"Bakwai na ji. Huɗu, sai shiru, sai uku."

Ranar Alhamis, a kan benci, Mai Ƙwai ya jira sai da Akawu ya ɗaure igiyar takalmi ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, me ya sa ba a jin faɗuwata a ƙasa?"

Akawu ya cire tabarau ya shiga goge shi. Mai Walda ya ɗaga kai yana kallon fanka.

"Hannun rigata ya ƙara tsawo. Ba ni na ja shi ba."

"Baba," in ji Akawu a hankali, "sa'an mahaifina ne kai. Ta yaya zan ɗaga ka sama in sake ka?"

Ashe tun makon da aka fara haɗa shi da su suka yi shawara a bakin matakala. Duk wanda ya ɗauke shi, ba ya sakin nauyinsa: yakan ɗaga hannun rigar sama da ƙarfi, ya tara masa gwiwa a baya, ya sauke shi a hankali, shi kuma ya mari katifa bayan ya riga ya kwanta. Sun ƙware a kai har Malam, da ke duba mutum ashirin a lokaci guda, bai kama su ba.

"Ni dai tsoron Mama nake ji," in ji Mai Walda. "Ran nan da ta zo kawo maka makulli, kallon da ta yi mini har yanzu yana bina."

Mai Ƙwai ya ce su tashi su nuna masa yadda suke yi. Akawu ya ɗauki Mai Walda ya sauke shi, shi kuma ya durƙusa yana duban inda gwiwar take shiga. Ya jinjina kai cikin sha'awa.

"Aiki mai kyau. Haka nake sauke kiret goma a tare. Da ƙwai ne ni, da na gode muku. Yanzu a kayar da ni."

Akawu ya gwada sau biyu, hannunsa ya ƙi saki. Mai Walda ya ce a ba shi wuri. Ya kama rigar, ya rufe ido, ya ce, "Ka yafe ni, Baba," ya juya.

Ɗakin ya kife. Haɓa, numfashi, ƙugu, duk suka tsere daga kan Mai Ƙwai. Shekara talatin da ɗaya na tare kaya suka miƙa hannunsa na hagu tun kafin ya sani, tafin ya dira a katifa, zafi ya harba har kafaɗa. Bai karye ba, amma kafin ya sauka daga bene wuyan hannun ya kumbura. Washegari da hannu ɗaya da rabi ya yi lodi, yana tunanin abin da zai faru da gidansa in da ƙashin ya tafi.

Malam ya ji labarin duka ranar Asabar. Ya dubi Akawu da Mai Walda, ya ce su zagaye katifa da tsallen kwaɗo har sai ya tuna da su. Sannan ya zauna kusa da Mai Ƙwai.

"Kana so ka bari?"

"Ina so in san me ya sa hannun ya fita ban aike shi ba."

"Ya saba da aiki ne. In ba ka ba shi wani ba, zai koma wanda ya sani. Kada ka ce masa ya bari. Ka ce masa ya mari katifa, da ƙarfi, tun kana sama."

Suka koma farko. Aka naɗe masa wuyan hannun da bandeji, aka riƙa kayar da shi daga durƙushe, ta ɓangaren da ba ya ciwo. Ranar Talata aka ɗaga zuwa tsugune, sannan zuwa tsaye, ta ɓangarorin biyu. Sau arba'in da shida, shi ya ƙirga. Sau biyar hannun ya so ya fita. Akawu ma ya koyi saki, ko da yake duk lokacin da ya yi sai ya ce, "Sannu, Baba," har Malam ya hana shi.

Ranar Alhamis aka yi ta gwaji har aka kusa tashi. Sai Malam ya kira Mai Ƙwai tsakiyar katifa, ya kama rigarsa kamar mai duba ɗinki, suna ɗan takawa.

"Malam, akwai abin da nake son tambaya. Idan mutum ya fi ka nauyi, me ya sa..."

Ƙafafunsa suka bar ƙasa. Bai ga lokacin ba. Abin da ya sani kawai shi ne haɓarsa na manne da ƙirji, hannunsa ya sauka a miƙe da wata ƙara da ta cika ɗakin, kuma yana kwance yana kallon rufi, komai nasa a haɗe.

Malam ya wuce wurin allo, ya ɗauki alli, ya ƙara layi na takwas.

"Malam," in ji Mai Ƙwai daga kwance, "me ya sa ban ji zafi ba?"

"Gobe za ka ji."

A kan benci, Akawu ya matso kusa da shi, ya rage murya. "Baba, don Allah, ranar Asabar kada ka tsare baƙon nan da tambaya. An ce ba ya son magana."

Mai Ƙwai ya ci gaba da warware bandejinsa.

"Guda biyu ne kawai," in ji shi.