Kawu Habu da Miliyan Ɗarin Jamus

Duk wanda ya zauna da Kawu Habu a unguwar Shifa ta Riyad ya san ba a yi masa taƙama da albashi. Kana cewa kafili, wato ubangidanka Balarabe, ya yi maka ƙari, sai ya zaro jakar iƙamarsa, katin izinin zama, ya fito da tsohuwar takardar kuɗin Jamus ɗin nan, mai mark miliyan ɗari. A shagon tsofaffin kaya ya saye ta a kasuwar Dira, riyal biyar, shi ma sai da aka sha ciniki.

"Riƙe, ɗana," zai ce. "Yau ka riƙe miliyan ɗari. Ba ta yi wata uku da fitowa ba ta kasa sayen burodi."

Daga nan sai karatu. Wai bayan yaƙin duniya na farko gwamnatinsu ta dinga buga kuɗi ba ƙaƙƙautawa, har aka daina wahalar buga bayan takardar. Ma'aikaci ya kwashi albashi a baro da safe, kafin azahar ya zama shara. Mata na hura wuta da shi don ya fi itace araha.

Ran nan ya miƙa wa ɗan Yaman mai kantin unguwa, ya ce a ba shi burodin kubus biyu da canji.

"Ya Hajji, wannan ba ta aiki."

"Ta fi ni sa'a," in ji Kawu. "Ni shekara ashirin ina yi."

Abin haushin, malamin namu duk abin da ya tara a tuƙi naira ya mayar, ya jibge a banki a Kano. Na ce, "Kawu, sayi fili mana."

"Sai sun cika in yi ginin gaba ɗaya. Jamusawa da yaƙi aka ci su. Mu wa ya ci mu?"

Sai naira ta faɗi. Kuɗin gida suka koma kuɗin katanga. Na je yi masa jaje, na tarar yana wankin mota.

"Su ai sun ƙona nasu sun ji ɗumi," ya ce, bai ɗago ba. "Nawa ko hayaƙinsa ban gani ba."

Ya sabunta iƙama, wai shekara biyu kacal zai ƙara. Wata takwas ya yi. Ya cika a kujerar direba a unguwar Ulaya, yana jiran matar kafili ta gama sayayya. Da na kira kafilin, tambayarsa ta farko ita ce ina makullin mota.

A nan Riyad muka binne shi. Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka makwancinka, ya dubi yaran da ka bari.