Ranar da matar yayana ta kira sunan 'yar farinta

Shekarun baya, a ƙauyenmu kusa da Sinja, mai cikin fari ba ta cewa ga inda ke mata ciwo. Yanzu yarinya kan zayyana wa likita komai, uwarta na gefe tana ƙara mata.

Ɗiyar yayana, 'yar farinsa, ta zo gida goyon ciki. Lokacin na dawo daga Jidda ke nan, na ishi kowa da labarin ƙasashe. Ganinta ya tsorata ni: fuska ta cika fam, ƙeya ta yi tozo, hannuwa kuwa sirara. Mata sai cewa suke, "Ma sha Allah, ciki ya karɓe ta."

Da naƙuda ta gagara, muka ɗauke ta a lorin auduga zuwa asibiti. Yayana ko leƙowa bai yi ba. Ya saɓi fartanya ya nufi hawasharsa, wato gonar audugarsa, kada a ce ya damu da 'yar fari.

Likita ya ce sai an yi aiki. Mai ba da banju, maganin sa barci, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce mini, "Ya Hajj, kumburin nan, kafin ciki ya fara ko bayansa?" Yana zaton wani abu a saman ƙodarta ke zuba sinadari fiye da kima, shi ke hawar mata da jini da sukari. "In na sa ta barci a makance, ba lalle ta farka ba."

Yarinya ta rufe fuska. Uwarta ta kau da kai ta ce, "Ni me na sani game da waccan?"

Na zauna da Habashawa, na zauna da Turkawa, kowa da kunyarsa, amma ban taɓa ganin mai kai kunya har bakin kabari ba. Na daka mata tsawa: "Yaya, waccan ɗin mutuwa za ta yi!"

Sai ta fashe da kuka, ta kira sunan ɗiyarta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce kumburin tun kafin bikin yarinyar ne. Ta faɗi ƙishirwa, da kasa tashi da tulu, da jajayen layuka a fatar cikin yarinyar. Ashe duk ta sani! Wannan ne ke tafasa mini zuciya har gobe.

Aka fara saukar wa yarinyar da hawan jini, sannan aka yi aiki. Ta farka, jaririnta na kuka.

Tun ranar, a gidanmu ba a yi wa ciwo alkunya. Matar yayana kuwa da suna ta ci gaba da kiran ɗiyarta har ta rasu.