Ranar da na yi goyo a Fegge

Ɗazu na ga wani matashi ya rataya jaririnsa a ƙirji, mutane suna ta dariya. Ni ban yi ba.

Lokacin rikici, muna gudu daga unguwar Fegge ta garin Anaca zuwa bakin kogi, marigayiya matata ta ɗaura mini ɗanmu da zani, domin tana da tsohon ciki. Aka yi harbi. Sai na ji wani abu mai ɗumi yana bin bayana.

Na ce, "Hajara, an harbe mu. Ki yafe mini."

Ta shafa, ta shinshina, ta ce, "Malam, ci gaba da gudu. Fitsarin ɗanka ne."

Yanzu yaron ya yi furfura, sai da Sallah yake kirana. Maza, wa ya taɓa goyo a cikinku? Ku taya ni hira.